Sandar Fatsa a Kasuwar Barci

Ran da fansho ya shigo, bayan wata uku yana hanya,
na ware na shinkafa, na ware na maganin hawan jini,
ragowar na ninke huɗu a aljihun gaba
na nufi Kasuwar Barci.

Tanimu mai gwanjo na da sanduna uku jingine da bango,
tsakanin matattun fankoki da takalman ƙwallo.
Ta farko, da hannu biyu ya ɗauko ta kamar jinjiri.
"Baba, wannan daga ƙasar ƙanƙara ta zo. Dubi kwalin."
Na duba.
Wani kifi ne a zane, mai doro,
tsokarsa ja-ja kamar cikin gwaiba,
yana tsalle, yana gardama da ruwa mai gangarowa.
Na ce ka taɓa ganinsa a bakin ruwan Kabala?
Ya ce a'a. Ya faɗi kuɗin.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Buhun masara biyu
don kifin da bai san hanyar garinmu ba!

Ta biyu sabuwa ce, sai ƙyalli, kuɗinta ba wuya.
Na ɗan lanƙwasa ta,
ta yi kuka irin na karan dawa a rani.
Tarwaɗa 'yar wata shida ta ishe ta ajali.
Araha ba ta ado, na sani,
amma wannan ko aiki ba ta yi.

Ta uku ba ya ma son nuna ta.
Fentin mariƙin ya goge
daidai inda babban yatsan wani ya shekara yana zama.
Zobe guda an ɗaure shi da waya.
Ni ba sandar nake kallo ba,
kwarkwaronta nake kallo.

Shekara ashirin da bakwai na yi a masaƙar Kakuri
kafin injuna su yi shiru, ciyawa ta ci harabar.
Idona ya rage, gwiwata ta rage,
amma kunnena bai manta zare ba.
Na kara kwarkwaron a kunne, na juya a hankali.
Akwai yashi a ciki, ƙas-ƙas,
sai dai haƙoran lafiyarsu lau,
ba wanda ke tsallake ɗan'uwansa.
Yashi ai kananzir da tsumma ne maganinsa.
Ban bar fuskata ta faɗa masa haka ba.

Na taya. Ya ce albarka.
Na juya baya, na yi taku huɗu, ina ƙirgawa.
A na biyar ya kira ni.
Ya ɗora mini ƙugiya shida da 'yar dalma gyara,
canjin da ya saura ya kai ni gida, bai fi ba.

Da la'asar na sauka bakin kogi.
Yunana, abokin aikina na sashen rini,
yana can da gorarsa da gwangwanin tana.
Ya dubi sandata, ya dube ni:
"To, injiniya, kifin ma da takarda za ka kira shi?"
Na yi shiru, na wurga.
Zaren ya fita yana shuuu,
ya faɗa can inda gorarsa ba ta taɓa kaiwa ba.

Har aka kira magariba a ƙetare
karfasa guda na kama, tafin hannu.
Shi ya kama huɗu.

A gida Ladidi ta ɗaga ta da wutsiya,
ta tambayi kuɗin sandar, ta raba shi da kifi ɗaya,
ta ce ba a taɓa cin karfasa mai tsadar wannan ba a zuriyarsu.
Ta soya ta duk da haka. Ta ba ni kan.

Ban gaya mata ba,
lokacin da nake naɗo zaren, rana na faɗuwa bayan gada,
ƙarar nan ta shiga hannuna ta haura kafaɗa,
tik-tik-tik, daidai, ba gargada,
har na waiga hagu
in ce wa na kusa da ni ya miƙo mini wani ƙunshin zare.